Taƙaitaccen Tarihin Wutar Gida a Ƙasar Jega da Kamun Ƙafar Man Tsirrai

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a waiwayi abin da mutanen Jega da Aliero da Maiyama ke hura wuta da shi, sa'an nan a duba su wane ne suka yi magana da yawunsu lokacin da aka tashi kawo sabon makamashi.

Kafin zuwan Turawa, duk wutar gida daga daji da gona take fitowa. Da itace da karan dawa da busasshen kashin shanu ake girki. In hunturu ya kama, a zuba garwashi a kasko a kai ɗakin tsofaffi, yara kuwa su kewaye wutar kara da sassafe suna jin ɗumi. Fitilar aci-balbal kuma man gyaɗa ko man kaɗanya take sha. Ashe ke nan man tsirrai ba baƙo ba ne a wurinmu.

Zamanin Turawa ya kawo kananzir da fitilar ƙwai, daga baya risho ya shiga gidajen ma'aikata. Ana cikin haka sai fari na 1973 da na 1984 suka nuna yadda daji ke ƙarewa. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda ta ƙera murhu mai tsimin itace, ta kuma gwada samar da iskar girki daga kashin dabbobi.

To, sai zancen ya koma hannun manya. Ganin yadda Barazil ta ci ribar man rake tun 1975, gwamnatin Obasanjo ta ɗora wa kamfanin NNPC wannan aiki a 2005. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa, wadda ta ce a gauraya kashi 10 cikin ɗari na man itanol a cikin fetur, aka kuma yafe wa masu zuba jari haraji. A 2017 Gwamna Atiku Bagudu ya ƙulla yarjejeniya da NNPC don kafa masana'anta a Jihar Kebbi, mai tace lita miliyan 84 a shekara daga rogo da rake. Mai karatu zai lura cewa hankalin masu kamun ƙafar nan ya fi karkata ga tankin mota.

A Ingila abin ya sha bamban. Can ana ɗumama gidajen ƙauye da mai, kuma masu sayar da man suna da ƙungiyoyi. Da gwamnati ta ce daga 2026 ba a ƙara kafa sabuwar tukunyar mai a irin gidajen nan, sai suka yi ta zirga-zirga majalisa, suna roƙon a bar su su sauya zuwa man tsirrai. A 2023 aka ɗage wa'adin zuwa 2035. Ko da neman kasuwa ya kai su, sun dai sa an tattauna batun ɗakin talaka.

Mu fa? A 2016 aka janye tallafin kananzir, a 2023 na fetur ya bi. Gidaje da yawa sun ajiye risho sun koma ga gawayi da itace. Manomin albasa a Aliero ya shigo gida ya iske uwargida idonta ja wur saboda hayaƙi, amaren jakai da motoci kuwa kullum sai ƙara nisa suke yi cikin daji kafin su cika kaya.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muddin matan da ke gindin murhu ba su da wakili a wurin tsara manufa, to, man rogo zai wuce su a kan titin Jega. Ga jami'a a Aliero tun 2006. Ya kamata mu ɗalibai mu shiga gidajen nan, mu rubuta abin da tsofaffi suka sani da abin da mata ke buƙata, mu miƙa wa majalisar jiha a Birnin Kebbi.