Shekara 31 ana bin sawun Ayla

A shekarar 1980 marubuciyar Amurka Jean Auel ta fitar da littafin farko na jerin da masu karatun Faransanci suka sani da sunan Les Enfants de la Terre. Labarin Ayla ne, marainiyar da mutanen Neyandatal suka rena a zamanin ƙanƙara. Littattafai huɗu suka fito cikin shekara goma, sannan aka ji shiru har 2002. Na shida, Le Pays des grottes sacrées, bai iso ba sai 2011.

Da ya iso, murna ta koma ciki. Shafi bayan shafi Ayla na zagaya kogwanni masu zane na ƙasar da ta zama Faransa, ana maimaita kirarinta da waƙar Uwa har mai karatu ya ƙosa. Abin da ya fi ciwo shi ne Durc, ɗanta ruwa-biyu da ta baro tun littafin farko: uwa da ɗa ba su sake ganawa ba. Alhali kuwa a 2010 binciken Svante Pääbo ya riga ya nuna cewa jinin Neyandatal ya gauraya da na kakannin mutanen Turai da Asiya.