Ranar da D'Tigress suka doke Kanada muna cikin dokar hana fita

Lahadi 4 ga Agustan 2024 rana ce da yawancinmu a Kano muke tunawa da ita saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. An fara ta ranar 1 ga wata, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita, kuma a safiyar wannan Lahadin ne Shugaba Tinubu ya yi wa ƙasa jawabi. Daga Gaya har Ajingi babu maganar da ake yi sai ta farashin masara da ta yaran da aka kama a birni. To a wannan ranar ce, can a Lille ta ƙasar Faransa, 'yan matan Najeriya masu buga ƙwallon kwando suka yi abin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi a gasar Olamfik. Da yawa daga cikinmu ba mu ma ji labari ba.

Ga yadda abin ya kasance. Najeriya ta faɗa rukuni ɗaya da Ostireliya da Faransa mai masaukin baƙi da Kanada. Ostireliya ce ta uku a duniya a lokacin, Kanada ta biyar, mu kuma na goma sha biyu. Ranar 29 ga Yuli D'Tigress suka doke Ostireliya da maki 75 da 62, aka ce ai sa'a ce. Faransa ta lallasa su 75 da 54, masu cewa sa'a ce suka gyara zama. Saura Kanada, kuma wanda ya faɗi a wannan wasan kusan sai haɗa kaya.

An tafi hutun rabin lokaci Kanada na gaba, 41 da 37. Abin da ya faru a minti goman da suka biyo baya shi ne duk labarin. Najeriya ta ci maki 23, Kanada ta ci 5. Biyar kacal fa, a minti goma, daga tawagar da ke da 'yan wasa a gasar WNBA ta Amurka. Wanda ya san wasan nan ya san cewa ba yawan jefa ƙwallo ne ke kawo irin wannan ba, tsaro ne: a matsa wa mai riƙe da ƙwallo tun daga bakin filinta, a toshe mata hanyar miƙawa, a ƙwace a ruga. Aiki ne na numfashi da haɗin kai, ba ya yiwuwa sai mutum biyar sun yarda da juna. Ezinne Kalu ta ci maki 21, aka tashi 79 da 70. Najeriya ta shiga zagayen kwata-fainal, inda Amurka ta fitar da ita 88 da 74 ranar 7 ga Agusta. Amurkan ce ta ɗauki zinare, Ostireliyar da muka doke kuma ta tafi da tagulla.

Abin da ya sa nasarar ta fi min nauyi shi ne abin da ya gabace ta. A 2018 waɗannan 'yan mata sun kai kwata-fainal a gasar cin kofin duniya a Tenerife. A 2021 sai da suka fitar da bidiyo suna kukan ba a biya su alawus ba, alhali su ne zakarun Afirka. A watan Mayun 2022, saboda rikicin shugabanci a hukumar NBBF, gwamnatin Buhari ta janye Najeriya daga duk wasannin ƙwallon kwando na duniya na shekara biyu. An janye matakin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama, an riga an ba Mali gurbinsu a gasar duniya ta Sidni. Maza suka yi faɗan kujera, mata suka biya tara. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san irin wannan takardar: sa hannu ɗaya, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Sai a tambaya, ina aka samo 'yan wasan? Amsar ba ta da daɗi sosai. Da yawansu jami'o'in Amurka ne suka rene su. Kalu ta buga wa Savannah State, Amy Okonkwo ta yi TCU, Elizabeth Balogun ta ƙare a Duke. Kociyarsu Rena Wakama, wadda iyayenta 'yan Okrika ne a Jihar Ribas, an haife ta a Raleigh, ta buga wa Western Carolina, kuma tana da shekara 32 aka zaɓe ta kociyar da ta fi kowa a gasar mata ta Paris. Tushen abin wata doka ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har a wasanni. Daga nan guraben karatu kyauta suka buɗe wa 'yan mata. Masu bin gasar jami'o'insu za su tuna Arike Ogunbowale, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da ta jefa ƙwallon nasara a daƙiƙar ƙarshe sau biyu cikin kwana uku a 2018, ta ba Notre Dame kofi a kan Mississippi State 61 da 58. Mu dai girbin gonar wasu muke yi, muna kuma buga ƙirji.

Na san abin da wasu abokaina za su rubuto a ƙasan nan: wannan ba al'adarmu ba ce, ga shiga, ga cuɗanya. Maganar shigar tana da gaskiya a da, domin hukumar FIBA ta daɗe tana hana rufe kai. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka da ta buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State da hijabinta, ta rasa damar zama ƙwararriyar 'yar wasa saboda wannan ƙa'idar, ta shiga gaba wajen yaƙar ta, har aka soke ta a 2017. Yau yarinya na iya bugawa a rufe ruf. Maganar cuɗanya kuma, filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15. Zai zauna a cikin katangar makarantar 'yan mata, malama mace ta koyar, babu namijin da zai leƙa. Ba ya cin fili kamar na ƙwallon ƙafa. Siminti ne da ƙarfe biyu da ƙwallo.

A watan Agustan 2025 D'Tigress sun doke Mali 78 da 64 a Abijan, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya ta sanar da dala dubu ɗari ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girma ta OON. Ban yi musu hassada ba, sun ci guminsu. Amma kuɗin 'yar wasa ɗaya tak da an juya shi zuwa naira, da ya zuba filaye a makarantun 'yan mata da dama a Gaya da Ajingi da Albasu, har a yi gasa tsakaninsu a kai wasan ƙarshe jami'ar Wudil.