Hanyoyin tattaki a Kano: Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni zuwa wuraren tunawa da yaƙe-yaƙe

A ƙasashen Turai irin su Holan da Jamus da Beljiyam, an saba keɓe hanyoyin ƙafa da ke ratsa dazuzzukan bayan gari, a kafa musu alluna, ta yadda mai tattaki zai bi ta cikin itatuwa har ya iske kabarin soja ko ginin tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. A Kano, irin wannan hanya mutum ne ke haɗa wa kansa. Birnin na da ganuwa da ƙofofi da duwatsu da inuwar itatuwa, kuma kusan kowannensu na ɗauke da labarin wani yaƙi. Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana zaune ne a mahaɗar waɗannan wurare, domin Titin Zariya da Titin Maiduguri da Titin Gidan Zoo duk ta yankinsa suka ratsa.

Akwai abu guda da ya kamata mai wannan tattaki ya riƙe tun farko. Al'adar Musulmin Kano ba ta yarda da kafa mutum-mutumi ko ɗaga gini a kan kabari ba, saboda haka tunawa da yaƙi a nan ta fi zama a cikin sunayen wurare: sunan ƙofa, sunan bariki, sunan titi, sunan masallaci. Wanda bai san labarin ba zai wuce ta gabansu kullum a cikin Adaidaita Sahu bai ga komai ba sai cunkoso.

Zango na farko: Hausawa da Gidan Zoo

Tattaki mafi kusa shi ne wanda ke farawa daga Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nufi unguwar Hausawa, inda Masallacin Murtala yake. A nan ne kabarin Janar Murtala Ramat Muhammad. An haife shi a Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, sannan ya jagoranci Runduna ta Biyu a Yaƙin Basasar Najeriya da aka fara a 1967. Rundunar ce ta ƙwato Benin daga hannun dakarun Biyafara a watan Satumba na shekarar, kuma a tarihinta ne ake ambaton kisan fararen hula da aka yi a Asaba a watan Oktoba. Ya zama Shugaban Ƙasa a ƙarshen Yulin 1975, aka kashe shi a Legas ran 13 ga Fabrairu, 1976, bayan mulkin da bai wuce kwana 200 ba. A cikin wannan ɗan lokaci ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya kuma yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Hotonsa ne a jikin takardar Naira 20. Wurin masallaci ne, don haka ladabinsa ladabin masallaci ne: shiga ta kamala, sallama, addu'a, da neman izini kafin ɗaukar hoto.

Daga nan sai Gidan Zoo, wanda aka gina a farkon shekarun 1970 a zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano na farko, da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan ke ɗauke da shi. Ban da namun daji, wurin lambu ne mai faɗi, kuma yana cikin 'yan wuraren da suka rage a tsakiyar birni inda mutum zai yi tafiya mai tsawo a ƙarƙashin inuwa ba tare da ƙarar ababen hawa ta dame shi ba. Ana biyan kuɗin shiga. A ranakun Sallah ana cika maƙil, saboda haka mai neman natsuwa ya zaɓi safiyar ranakun aiki.

Zango na biyu: Gefen ganuwa, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga

Wannan shi ne ginshiƙin tattakin duka. Ganuwar Kano, wadda ake kira badala, ita ce babban abin tunawa da yaƙi a ƙasar Kano, domin saboda yaƙi aka gina ta. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sannan aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 a zamanin Muhammadu Nazaki. Magabata sun bar gonaki da kududdufai a cikinta da gangan, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, jama'a su samu abinci da ruwa. Yawancin kududdufan ma ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu.

Mai tattaki zai fara daga Ƙofar Nasarawa, ya bi Titin BUK ya yi yamma, yana wuce ƙofofi ɗaya bayan ɗaya: Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, har zuwa Kabuga. A wasu wurare zai ga tudun jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, a wasu wuraren kuma babu ko alama sai shaguna da gidaje.

A Kabuga labarin ya fi nauyi. A ƙarshen Janairun 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700 da manyan bindigogi. Ta afka wa Bebeji a hanya, sannan ta iso Kano ran 3 ga Fabrairu. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Ta Ƙofar Kabuga Turawa suka fasa suka shiga, kuma Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya rasu yana kare fada. Makonni kaɗan bayan haka, rundunar Kano da ke kan hanyar dawowa ta yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu. An kama Sarki Alu aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Lugga, wanda ya ga ganuwar da idonsa a lokacin, ya ƙiyasta tsayinta da ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40.

Shekara goma kafin zuwan Turawa, ganuwar ta ga wani yaƙin na cikin gida, wato Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa waɗanda suka fita suka yi sansani a Takai. Wannan yaƙi ne ya kawo Alu kan gadon sarauta, kuma ya raunana masarautar ƙwarai.

Wanda yake son ganin abin da ya ji, sai ya karkata ta Ƙofar Nasarawa ya shiga Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Ginin ya samo asali tun zamanin Rumfa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A cikinsa akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari, har da na Kabuga, da kayan yaƙi irin na da da hotunan farkon mulkin Turawa.

Zango na uku: Nasarawa da sawun Yaƙin Duniya

Arewa da Tarauni akwai Nasarawa, unguwar da Turawa suka zauna, wadda har yanzu titunanta suka fi na ko'ina inuwar darbejiya da maɗaci. A nan ne Gidan Ɗan Hausa yake, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Filin Sukuwa kuma ya daɗe da zama matattarar masu motsa jiki da sassafe.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, kuma su ne jiragen sama na farko da suka sauka a Najeriya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, Kano ta zama babban zango. Ana kawo jiragen yaƙi a jirgin ruwa zuwa Takoradi da ke Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Khartum, har zuwa Masar.

Dubban 'yan Arewa sun shiga soja a wancan zamani na Sarki Abdullahi Bayero, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Sun yi yaƙi a Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, sannan aka kai su Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka fafata da Japanawa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam, ita ce ke kawo wa iyalansu labarin fagen fama. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi da na rundunoninsu sun koma sunayen barikoki: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Myohaung da Arakan a Legas. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964. Bariki ba wurin yawo ba ne, ba a kuma ɗaukar hotonsa. Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ita ce 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan, 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashe renon Ingila.

Zango na huɗu: Duwatsu da jejin bayan gari

Mai ƙarfin gwiwa zai iya hawa Dutsen Dala, mazaunin Barbushe da tsafin Tsumburbura, wanda ke da matakala har sama. Daga can ana hangen birni duka da Goron Dutse. A arewacin gari akwai Fanisau, garin ribaɗi mai duwatsu da Sarki Ibrahim Dabo ya riƙe a yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma har yau sarakunan Kano na yin Hawan Fanisau.

Ga mutanen Tarauni, mafita mafi sauƙi ita ce kudu, ta Unguwa Uku zuwa ƙasar Kumbotso da Dawakin Kudu. A can ne Dutsen Santolo yake, wanda Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ya ci da yaƙi a zamanin da Wangarawa suka zo da Musulunci fada. Hanyar ƙafa a wannan karkara burtali ne da gefen gona. Mai tafiya zai ratsa saura mai sabara da kalgo, ya wuce kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya, da gawo wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. A bakin fadamun Kogin Challawa akwai lambuna da balbela da zalɓe.

Daji na sosai kuwa shi ne Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da Kano a kan hanyar Jos, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Ya yi fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi, sojoji kuma na atisaye a cikinsa, saboda haka ba a shigarsa sai da izinin hukuma da rakiyar jami'an gandun daji. Wanda ke son duwatsu da ruwa a wannan shiyya, ya tsaya a Rano da Rurum da Madatsar Tiga.

Lokaci da shiri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen damina zuwa hunturu, wato Oktoba zuwa Fabrairu. A bazara zafi kan haura digiri 40, don haka tattaki sai bayan sallar Asuba zuwa hantsi. Da damina a kula da santsi a kan dutse da macizai a cikin ciyawa. A riƙi ruwa da hula da takalmi mai rufi, a kuma tafi a ƙungiya. A ƙauye a fara gaida mai unguwa ko dagaci, kada a taka shuka. Masu hawan jini ko ciwon suga, waɗanda zaman ofis da zaman shago suka yawaita a cikinsu, su nemi shawarar likita kafin hawan dutse.

Abin da ake gudun rasawa

Ganuwar Kano na cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, kuma tun 2007 take cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO. Duk da haka, zaizayar ƙasa da ɗibar ƙasar gini da yanka filaye sun cinye mafi yawanta. An rushe wasu ƙofofin an sake su da siminti domin faɗaɗa titi, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, abin da ke ƙara wa unguwanni ambaliya da damina. Tsofaffin da suka je Bama sun kusa ƙarewa, waɗanda suka yi Basasa ma shekaru sun ja.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin hukuma da 'yan kasuwa ba: allo a kowace ƙofa mai bayani da Hausa da ajami, hanyar ƙafa da itatuwa a gefen abin da ya rage na badala, da naɗar labarin 'yan mazan jiya tun suna raye. Kafin a kai ga haka, magidanci zai iya ɗaukar 'ya'yansa ran Asabar da safe, su taka daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga, yana faɗa musu sunan kowace ƙofa da abin da ya faru a bakinta.