Daga keken ɗan sanda zuwa wayar hannu: wa ke riƙe da shaida a kan titi?

A watan Janairun 1896, a garin Paddock Wood da ke yankin Kent a Ingila, wani ɗan sanda ya hau keke ya bi motar Walter Arnold har ya cim masa. Laifin Arnold shi ne gudun mil 8 a awa, a wurin da doka ta ƙayyade mil 2. Kotu ta ci shi tarar sule guda da kuɗin shari'a. Shi ake yawan ambata a matsayin direban farko da aka hukunta saboda gudun wuce kima.

Shaidar da kotu ta dogara da ita a ranar ita ce maganar ɗan sandan. Tun daga lokacin, tarihin tsaron dokar hanya ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: idan jami'i ya ce ka yi laifi, kai kuma ka musanta, me zai raba gardama?

An daɗe ana ƙera na'urorin da za su amsa tambayar. A 1928 'yan sandan Detroit a Amurka suka fara aika saƙon rediyo zuwa motocinsu na sintiri, don haka jami'in da ke kan titi ya daina zama shi kaɗai. A ƙarshen shekarun 1940 aka soma auna gudun mota da na'urar rada a jihar Connecticut. A 1976 kuma masu bincike na 'yan sandan Birtaniya suka ƙirƙiro kyamarar da ke karanta lambar mota da kanta. Sai dai waɗannan kayayyaki masu tsada ne, ƙasashe masu hali ne suka fi cin moriyarsu.

Wayar zamani ce ta sauya lissafin, domin ta haɗa kyamara da agogo da taswira da hanyar biyan kuɗi a na'ura guda mai shiga aljihu. Indiya na cikin ƙasashen da suka yi nisa da ita. A 2018 ma'aikatar sufurinta ta umarci jihohi su amince da lasisin tuƙi da takardun mota da direba ya nuna a manhajar DigiLocker ko mParivahan. A 2019 aka yi wa dokar ababen hawa garambawul: tarar tuƙi ba lasisi ta tashi daga rufi 500 zuwa 5,000, aka kuma tanadi sa ido ta na'urori. A tsarin da suke kira e-challan, jami'i yana shigar da lambar mota a na'urar hannu, bayanan mai ita su fito daga rumbun gwamnati, sanarwar tara ta iske shi a wayarsa, ya biya ta intanet.

Najeriya ta taho ta wata hanyar. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Jihohi suka biyo baya da nasu hukumomin, LASTMA a Legas a 2000, KAROTA a Kano a 2012. Da gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya a 2015, tarar hukumar kiyaye haɗurra ta koma bi ta Remita. A 2021 Legas ta raba wa jami'anta na'urorin hannu masu ɗaukar hoto da bidiyon laifi.

Kowane direban haya ya san abin da ake ƙoƙarin magancewa. Inda tara ke wucewa daga hannu zuwa hannu, ciniki ake yi, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai bayarwa yana sayen damar ci gaba da gudu ko lodin wuce kima, fasinja ne ke biya da ransa. Tarar da aka rubuta a na'ura tana ɗauke da lokaci da wuri da sunan jami'in da ya yanke ta. Wannan rubutu yana ɗaure direba, yana kuma ɗaure jami'i. Jama'a ma sun gane ƙarfin kyamarar aljihu, domin bidiyon waya ne ya rura wutar zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020.

Amma wayar ba ta aiki sai da abin da ke bayanta. Idan an sayar da mota hannu uku ba a sauya sunan mai ita a rajista ba, sanarwar tara za ta tafi ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan babu wurin da direba zai kai ƙara ya ga hoton da aka ɗauka, an maye gurbin maganar jami'i ne da maganar na'ura, wadda ta fi wuyar musantawa. Jami'in da ya ga dama kuma yana iya barin wayar a aljihu, a sasanta a gefen titi kamar da.

Saboda haka, duk jihar da ta sanar da sayen na'urorin hannu, tambayoyi uku ne ya kamata a yi mata: rajistar motocinta ingantacciya ce? Wa ke bibiyar abin da jami'ai suka shigar da abin da suka ƙi shigarwa? Direban da aka zalunta kuma, ina zai je?