Yadda mahaya keke su ka ƙwato titi a Holan

Duk wanda ya ga Amstadam a fim, kekuna na zirga-zirga kamar tururuwa, sai ya ɗauka haka Allah ya halicci mutanen Holan. Ina! Sai da aka yi gumurzu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya bunƙasa, kowa ya na son mota. Hukuma ta shiga rushe tsofaffin unguwanni don faɗaɗa titi, mai keke ya zama saniyar ware. A 1971 kaɗai haɗarin mota ya ci rayuka wajen 3,300, fiye da 400 yara ne. A cikin su har da 'yar wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wadda mota ta kaɗe a kan keken ta. Sharhin da ya rubuta a 1972 ne ya raɗa wa gwagwarmayar suna: "Stop de Kindermoord", wato a daina kashe yara.

A shekarar nan aka yi wani fim na gaskiya kan yaran unguwar De Pijp ta Amstadam. Za ka ga yara da manya sun tare titi su na neman wurin wasa, direba na ta kumfar baki. Kallon sa ya fi ƙarfin bayani.

Sai kuma Larabawa su ka hana Holan mai a 1973, gwamnati ta haramta tuƙi ran Lahadi. Jama'a su ka fito manyan tituna a kan keke, su ka ji garin su tsit, ba hayaƙi. An ɗanɗana, ba a kuma manta ba. A 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, birane su ka shiga ware masu hanya. Yau kusan kwatan zirga-zirgar ƙasar a keke ake yi.

Mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Mai mota ya na rufe gilashi ya wuce. Mai keke kuwa jikin sa ne ke sanin rami da kwata. Ya gai da maƙwabci, ya tsaya wa jana'iza. Wanda ya san unguwa haka, shi ke jin ta sa ce, har ya tuhumi hukuma a kan ta.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, da yawan mu mun kakkaɓe tsohon keke. Tsada ce ta ɗora mu. Saura mu tambayi masu gina gadar sama: ina tamu hanyar?