Kalangu a Matsayin Kafar Tunawa da Alhaji Mamman Shata a Ƙasar Funtuwa

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai dubi tarihin Alhaji (Dokta) Mamman Shata Katsina ta fuskar abin kiɗan da aka san shi da shi, wato kalangu. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan mawaƙi, tun daga kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir (1975) a Jami'ar Indiyana ta Amurka, har zuwa littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa (2006). Sai dai duk lokacin da aka ambaci Shata, hankali ya fi tafiya ga muryarsa da azancinsa, a bar kiɗan a baya kamar ɗan rakiya.

Tunawa da mawaƙi ta hanyar abin kiɗansa al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turawa. Misali, a Amurka akwai wata ƙaramar jita mai tsarkiya huɗu wadda kamfanonin Martin da Gibson suka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1920, domin makaɗan banjo su koma jita ba tare da sun sake koyon aikin yatsu ba. Masu sha'awar waƙoƙin gargajiya a can, da sun ga tsohuwar irin wannan jita sai su tuna da Nick Reynolds na ƙungiyar Kingston Trio, wanda ya rasu a 2008. (Shi kansa banjo bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka samar da shi, kuma dangin molo ne da garaya da gurmi.) A can ana iya ɗaga jita a nuna wurin da yatsun mai ita suka cinye. A wajen Shata lamarin ya sha bamban, domin a fagen wasa ba shi ke riƙe da makaɗi ba. Yaransa ke kiɗa suna amshi, shi kuwa yana tsaye yana zuba waƙa.

3.1 Matsayin Kalangu Kafin Shata

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu. Ana sassaƙa kangonsa daga ice, a rufe bakunan biyu da tantani, sannan a haɗa su da tsarkiyoyi na fata. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya danne a hammata. In ya matse tsarkiya sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka shi ke sa Bahaushe ya ce kalangu yana magana. Akan haɗa shi da ɗan karɓi da kuntuku, kamar yadda Ames da King (1971) suka kawo a ƙamusunsu na kayan kiɗan Hausa.

A tsarin gargajiya kowane rukuni na jama'a da kiɗansa. Sarauta na da tambari da kakaki da algaita. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kotso suke kaɗawa, Sarkin Taushin Katsina kuwa sunansa ma ya faɗi abin kiɗansa. Kalangu na mahauta ne. Shi ke sanar da gari cewa an yi yanka, shi ake kaɗa wa 'yan dambe, waɗanda asali mahauta ne, kamar yadda aka san Muhammadu Bawa Ɗan Anace da yi. Bayan wannan sai kiɗan 'yan mata a dandali da na biki da suna. Ke nan kalangu kiɗan talakawa ne, ba shi da mazauni a ƙofar fada.

Da wannan za a fahimci dalilin da ya sa mahaifin Shata, Malam Ibrahim Yaro, wanda Bafillace ne, bai so ɗansa ya kama waƙa ba. An haifi Shata a Musawa a 1923 a gidan da ba a gaji kiɗa ba, ya kuma taso yana tallar goro da alewa. Waƙar tasa a dandali ta faro, a wasan samari da 'yan mata. Saboda haka ba wai zaɓen kalangu ya yi daga cikin kayan kiɗa ba, shi ya tarar a inda ya fara. Abin lura shi ne bai yar da shi ba bayan ya yi suna, alhali yana iya komawa ga kiɗan da ake ganin ya fi daraja.

3.2 Funtuwa da Kuɗin Auduga

Daga Musawa Shata ya zauna a Bakori, tauraronsa ya haska a Kano a 1952 wajen Bikin 'Yan Sarki, sannan a 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya yi kusan shekara arba'in. A ra'ayin mai wannan nazari, ba a ba wannan zama na Funtuwa muhimmancin da ya kamata ba wajen bayanin ɗaukakar kiɗansa.

Funtuwa gari ne da jirgin ƙasa da auduga suka raya. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta garin a ƙarshen shekarun 1920. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, daga baya kuma masaƙa ta biyo. Ga hanyoyin mota da suka haɗu a garin, ta Zariya da ta Sakkwato da wadda ta bi Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina. Da kaka ta yi, aka buɗe kasuwar auduga, sai kuɗi su shiga hannun manoma da dillalai da masu motoci da direbobi. Lokacin ne ake aurar da 'ya'ya, lokacin ne kuma ake neman makaɗi. Waɗannan sababbin masu kuɗi ba su da sarauta, don haka ba su da rabo a kotso ko taushi, waɗanda ke da iyayen gidansu. Kalangu kuwa ba ya tambayar asalin mutum. Duk wanda ya yi alheri ana iya kaɗa masa. Wannan ne ya sa a cikin waƙoƙin Shata ake samun direba da ɗan kasuwa da manomi da ma'aikacin gwamnati kafaɗa da kafaɗa da sarakuna, kuma da kalangun da ya yi wa direba waƙa, da shi ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.

3.3 Tasirin Kalangu a Tsarin Waƙar

Makaɗan fada sukan tsara waƙa a gida, jagora da 'yan amshi su yi ta bita ana karɓeɓeniya da ƙari. Shata an san shi da ƙirƙira nan take. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne gindin waƙa gajere wanda makaɗansa ke maimaitawa, da kuma kiɗa mai gudu da ba ya yankewa. Kafin amshi ya ƙare ya riga ya shirya ɗa na gaba. Kalangun kan faɗi amshin da bakinsa, ta yadda mai sauraro zai gane waƙar tun Shata bai buɗe baki ba. Duk wanda ya san Bakandamiya ya san wannan. Da wannan tsari ya yi yabo da zambo da gargaɗi, har ya waƙe kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969. Gidan rediyon Kaduna da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai wannan sauti lunguna da ƙasashen maƙwabta.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura.

Matsalar da mai son adana tarihi zai fuskanta ita ce kalangu ba ya zama yadda yake kamar jita. Tantani kan fashe a sake wani, tsarkiya kan tsinke a ɗaura sabuwa, kango kaɗai ke daɗewa. Kango kuwa ba tare da hannun da ya san shi ba itace ne kawai. Don haka duk wani yunƙuri na ajiye kalangun Shata a gidan tarihi, a Funtuwa ko a Katsina, ya kamata ya haɗa da faya-fayen da aka ɗauka da kuma sunayen waɗanda suka rataya kalangun a kafaɗunsu shekara da shekaru. Batun waɗannan makaɗa da yadda ake raba musu abin da aka samu a wajen wasa, shi babi na huɗu zai ɗauka.