Turancin Tsara Lokacin Aiki da Shirya Taro: Kalmomin da Ke Jawo Saɓani

Turanci shi ne harshen aiki a ofisoshin gwamnatin Najeriya, kuma shi ne ke haɗa ɗan kasuwar Kantin Kwari da abokin cinikinsa na Guangzhou ko Dubai. Akasarin saɓanin da ake samu wajen saka ranar taro ko cika wa'adi yana tasowa ne daga ƙananan kalmomin lokaci, waɗanda kowa ke ɗauka ya san ma'anarsu. Kuskure a kalma guda na iya sa a rufe karɓar takardun kwangila kafin mutum ya miƙa nasa, ko a yi asarar kuɗin jirgi da na masauki. Ga muhimman wuraren da ya kamata a kula da su.

Rana da kwanan wata

Hausa tana da gobe, jibi, gata da citta, amma Turanci kalma ɗaya yake da ita, wato “tomorrow”. Jibi shi ne “the day after tomorrow”. Kalmar “next tomorrow” da aka saba ji a Najeriya, baƙon da ba ɗan ƙasa ba zai iya ɗaukar ta a matsayin gobe.

Akwai kuma batun dare. A lissafin Bahaushe dare ne ke gabatar rana, saboda haka daren Juma'a shi ne wanda ke shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. A Turanci wannan dare sunansa “Thursday night”. Wanda aka gayyata cin abinci “Friday night” daren Asabar ake nufi. Matafiya ma su lura da wannan: jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Juma'a, a daren Juma'ar Bahaushe zai tashi, don haka tun Alhamis da dare ake zuwa filin jirgi.

“Next Friday” tana rikita har Turawan kansu. Idan aka faɗe ta ranar Litinin, wani zai fahimci Juma'ar wannan mako, wani kuma ta makon gaba. Mafita ita ce a haɗa rana da kwanan wata: “Friday, 10 October”.

Rubuta kwanan wata da alƙaluma zalla ma yana da haɗari. A Najeriya da Birtaniya 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris ne, domin su wata suke fara rubutawa. A Chaina shekara ake farawa da ita, sai wata, sai rana. Rubuta sunan wata da haruffa yana kawar da wannan ruɗani gaba ɗaya.

“Fortnight” mako biyu ne. “Quarterly” duk bayan wata uku. “Biweekly” kuwa tana iya nufin sau biyu a mako ko sau ɗaya a mako biyu, shi ya sa ya fi kyau a rubuta “twice a week” ko “every two weeks”.

Faɗar awa

Ƙarfe biyu da rabi shi ne “half past two”, uku saura kwata “a quarter to three”, uku da kwata “a quarter past three”. Mutanen Birtaniya kan taƙaita su ce “half two”, suna nufin biyu da rabi. Bajamushe mai fassara daga harshensa zai iya fahimtar ɗaya da rabi, don haka a rubuce a yi amfani da alƙaluma: 2:30 p.m. ko 14:30.

Alamar “a.m.” ta tsakar dare ce zuwa tsakar rana, “p.m.” kuma daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Ƙarfe sha biyu ne ke kawo rikici, saboda haka a rubuta “12 noon” don rana, “midnight” don dare. Alƙawarin “bayan azahar” ko “bayan la'asar” yana da ma'ana a tsakaninmu, amma a wasiƙar Turanci dole a mayar da shi awa takamaimai.

Kalmomin wa'adi

“By Friday” na nufin kada a wuce Juma'a, ana iya kawowa kafin nan. “Until Friday” na nufin abu zai ci gaba har zuwa Juma'a. “Within five working days” kwanakin aiki biyar ne, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati. “COB”, taƙaicin “close of business”, lokacin tashi daga aiki ne, kuma da agogon wanda ya rubuto ake lissafawa idan bai fayyace ba.

Wajen sauya lokacin taro akwai kalmomi huɗu. “Postpone” ko “put off” ɗage taro ne zuwa gaba. “Bring forward” matso da shi ne kusa, taron Alhamis ya dawo Talata. “Reschedule” sake saka masa lokaci ne, ko kusa ko nesa. “Cancel” ko “call off” sokewa ce ɗungurungum. 'Yan kasuwar Indiya kan ce “prepone” a maimakon “bring forward”.

Bambancin agogo da ranakun hutu

Agogon Najeriya da Nijar, wanda ake rubutawa WAT, yana gaban GMT da awa ɗaya, kuma ba ya sauyawa duk shekara. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya. Turkiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku, Indiya da huɗu da rabi, Chaina da bakwai. Ƙarfe takwas na safe a Kano ƙarfe uku na yamma ne a Guangzhou, don haka mai son samun ma'aikatan kamfani a ofis da sassafe zai kira.

Birtaniya tana sauya agogo. Daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba agogon Landan daidai yake da na Abuja, sauran watanni kuma yana baya da awa ɗaya. New York tana bayanmu da awa biyar a bazararsu, shida a hunturu. Saboda haka a riƙa rubuta “10 a.m. Nigerian time”.

Ƙarshen mako ma ya bambanta. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ma'aikatan gwamnati Asabar da Lahadi daga Janairun 2022, tare da rabin yini ranar Juma'a. A Chaina masana'antu kan rufe na tsawon kwanaki lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu.

Jadawalin aiki

“Schedule” jadawali ne. “Roster” ko “rota” jerin sunayen masu aiki ne da ranakunsu. “Shift” aikin karɓa-karɓa ne, kamar na safe, na yamma da na dare a asibiti. “On duty” yana bakin aiki, “off duty” ya tashi, “on leave” yana hutu, “on call” ba ya ofis amma ana iya kiransa kowane lokaci. “Overtime” aikin da ya wuce awannin ƙa'ida ne.

Neman taro da tabbatar da shi

Wasiƙar neman taro takan ƙunshi dalili, rana, awa, wuri da tsawon zaman. Turancin kasuwanci ya fi son sigar tambaya a kan ta umarni: “Would Tuesday, 14 October at 10 a.m. suit you?” Mai amincewa ya ce “Tuesday at 10 suits me.” Wanda ba zai samu dama ba kada ya tsaya ga ƙi kawai, ya kawo wata rana: “I'm afraid I can't make Tuesday. Could we meet on Thursday instead?” Kalmar “tentative” na nuna lokacin bai tabbata ba tukuna, “confirmed” kuma ya tabbata. Idan an yi magana ta waya, a bi ta da ɗan saƙo a rubuce mai farawa da “This is to confirm”, domin shi ne hujja idan gardama ta taso.

A zauren taro

“Agenda” jerin batutuwan da za a tattauna ne. “Minutes” rubutaccen bayanin abin da aka yi a zama ne, ba mintocin agogo ba. “Apologies” sunayen waɗanda suka ba da uzurin rashin halarta. “Matters arising” abubuwan da suka taso daga bayanin zaman baya. “Quorum” mafi ƙarancin adadin mahalartan da ake buƙata kafin shawara ta inganta. “AOB” sauran batutuwan da ba sa cikin ajanda. “Adjourn” ɗage zama ne bayan an fara shi. Kafin a tashi, sakatare ya karanto “action points”, wato wa aka ɗora wa wane aiki da ranar da zai kammala, kuma a rubuta ranar da sunan wata a cike.